Kant-Garagen na Berlin: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsohon Benen Ajiye Motoci da Mutanen da Suka Zana Shi

A titin Kantstraße da ke unguwar Charlottenburg a birnin Berlin akwai wani bene da aka gina musamman don motoci su riƙa kwana a ciki. An buɗe shi a 1930. Masana tarihin gine-gine suna ba shi irin girman da ake ba fadoji da manyan majami'u, kuma da aka tashi rushe shi sai da aka kai ruwa rana. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin gini ne?

Bene ne mai hawa shida na kankare da rodi, a lamba 126 zuwa 127 ta titin, gabansa na kallon titi, bayansa na kallon layin dogon da ya ratsa tsakiyar birni. An fara aikinsa a 1929, aka buɗe a watan Oktoba na 1930. A lokacin yana ɗaukar motoci kusan 300, kuma kimanin 200 daga cikinsu kowace da ɗakinta mai ƙofar ƙarfe da ake kullewa. A wancan zamani akwai gidan mai a ƙasa, a ciki kuma akwai wuraren wankin mota da na gyara. Mai kuɗin da ya sa aka gina shi sunansa Louis Serlin. Sunan ginin kuwa daga titin ya samo shi, titin kuma sunan masanin falsafar nan Immanuel Kant ya ci.

Me ya sa mota ta buƙaci gida? Ba a iya barinta a bakin titi ba ne?

Motar wancan zamani ba irin ta yau ba ce da za a kulle a tafi a bar ta da ruwa da rana. Da yawa rufin yadi gare su, wasu ma a buɗe suke. Fentinsu ba ya jure jiƙa da bushewa. Ga sanyin hunturun Berlin: ruwan lagireto yakan daskare ya fasa inji, batir ya mutu, man inji ya yi kauri, da safe a yi ta fama mota ta ƙi tashi. Wanda ya zuba dukiya ya sayi mota a 1929 yana neman inda za ta kwana da ɗumi, a wanke ta, a duba mai da taya, ya zo da safe ya tarar da ita tsaf.

Sai kuma matsalar wuri. Berlin ta haɗiye garuruwan da ke kewaye da ita a 1920, Charlottenburg na cikinsu, kuma kafin ƙarshen shekarun nan mutanenta sun haura miliyan huɗu. Masu hali na yammacin birnin a gidajen bene suke zaune, hawa huɗu ko biyar, bango manne da bango, waɗanda aka gina tun zamanin keken doki. Babu fili, babu farfajiyar da za a shigar da mota. Tsofaffin bargar dawaki da aka mayar gareji sun cika, hukuma kuma tana tsoron fetur a kusa da inda mutane ke barci saboda gobara. Ƙasa ta yi tsada, don haka babu mafita sai a hau sama.

Birnin ma a lokacin ya kamu da son mota. A 1921 aka buɗe hanyar AVUS, wadda ake tseren motoci a kanta, a 1924 kuma aka kafa hasumiyar fitilun ba da hannu a dandalin Potsdamer Platz. An yi wa mota hanyar gudu, an yi mata dokar tsayawa, saura makwanci.

Shi ne benen ajiye motoci na farko a duniya?

A'a, ko kusa. Tun 1901 wani kamfani mai suna City & Suburban Electric Carriage Company ya buɗe bene mai hawa bakwai a titin Denman a Landan, kuma abin mamaki, motocin lantarki ake ajiyewa a ciki. A Paris, 'yan'uwan nan Auguste da Gustave Perret sun gina garejin titin Ponthieu wajen 1906 zuwa 1907, inda suka bar ginshiƙan kankare a fili ba tare da sun lulluɓe su da dutse ba, suka sa wata ƙatuwar taga ta gilashi mai kama da fure a tsakiyar fuskar ginin. A Chicago, kamfanin Holabird & Roche ya zana garejin otal ɗin La Salle a 1918.

To amma je ka nemi waɗannan a yau. Na Perret an rushe shi wajen 1970, duk da cewa littattafan tarihin gine-gine sun cika da hotonsa. Na Chicago an kwantar da shi a 2005. Na Berlin yana nan tsaye, kuma shi ake ɗauka a matsayin mafi tsufa a Turai cikin waɗanda suka rage masu tagwayen hanyoyin hawa masu murɗawa.

Yaya mota take hawa bene mai hawa shida?

Nan ne ainihin gwanintar ginin take, kuma shi ne abin da ya fi wahalar da injiniyoyin farko.

Dabarar farko ita ce lif, wato na'urar da ke ɗaga mota sama. Ita aka yi amfani da ita a Landan da kuma garejin Perret. Ba ta cin wuri, amma mota ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Da safe kowa na son fita a sa'a ɗaya, sai layi ya yi tsawo. Ranar da ta lalace kuwa, duk motocin da ke sama sun zama fursunoni har sai makaniki ya zo.

Dabara ta biyu ita ce a yi wa mota hanya mai gangara ta hau da ƙafafunta. Ita kuma cin wuri gare ta. Injinan lokacin ba su da ƙarfi, birki ba abin dogaro ba ne, don haka dole hanyar ta kwanta sosai, idan ta kwanta kuma sai ta yi tsawo, ta cinye filin da ya kamata a ba da haya. Wani injiniya a Amurka, Fernand d'Humy, ya rage wannan asara wajen 1918: ya raba gini gida biyu, ya sa ɓangare ɗaya ya ɗara ɗaya da rabin hawa, sai gajerun hanyoyi suka isa su haɗa su.

A Kant-Garagen wata hanyar aka bi. An yi hanyoyi biyu masu zagaye, aka murɗa su tare a kan da'ira guda, kamar yadda ake tufka igiya da zare biyu: kowane zare na bin hanyarsa, suna naɗe da juna, amma ba sa haɗuwa. Ɗaya ta hawa ce, ɗaya ta sauka. Mai hawa ba zai taɓa yin gaba da gaba da mai saukowa ba, ba wanda zai ja birki ya yi ribas a kan gangara don wani ya wuce. Kuma tun da hanyoyin biyu a wuri ɗaya suke, filin hanya guda kawai suka ci. Direba ya riƙe sitiyari a karkace sau ɗaya, ya yi ta zagayawa har ya kai hawansa.

Dabarar kanta tsohuwa ce. A garin Orvieto na Italiya akwai wata rijiya da Antonio da Sangallo ƙarami ya gina tsakanin 1527 da 1537 bisa umarnin Fafaroma Clement na bakwai. Zurfinta ya haura mita 50, kuma an yi mata irin waɗannan tagwayen hanyoyi don dabbobin da ke ɗaukar ruwa: masu sauka da tulu babu kowa suna bin ɗaya, masu hawowa da kaya suna bin ɗaya. Fadar Chambord a Faransa ma tana da matakala irin wannan. Abin da aka yi a Berlin shi ne an zuba tsohuwar dabara da kankare, aka auna ta daidai da juyin tayar mota.

Me ake yawan yabo a bangon bayansa?

Bangon baya kusan duk gilashi ne da siraran ƙarafa, daga ƙasa har sama. Ba ya ɗauke da nauyin komai. Ginshiƙai da daɓen kankare ne ke riƙe da ginin daga ciki, shi kuwa bangon an rataye shi ne a gabansu, shi ya sa ake ce wa irinsa bangon labule. Yau duk wani dogon ofis a manyan birane haka ake yi masa, amma a 1930 sabon abu ne. Shahararren misalinsa a lokacin shi ne ginin makarantar Bauhaus a Dessau, wanda Walter Gropius ya kammala a 1926.

Ba ado kawai ba ne. Direban da ke zagaya hanya mai lanƙwasa yana buƙatar haske, kuma hasken rana kyauta ne. Abin da ya fi burge ni shi ne inda aka sa shi: a baya, wajen layin dogo, inda aka saba jibge bango baƙi wanda ba a damu da shi ba. Dubban mutanen da ke wucewa a jirgi kullum, su ne suka sami fuska mafi kyau.

Ƙofofin ɗakunan fa?

Na ƙarfe ne, ana kiransu da sunan kamfanin da ya ƙera su, Heinrichs. Ba sa buɗewa waje su tare hanya. A kan dogo ake tura su su kauce gefe. Ƙaramin abu ne, amma a wurin da kowane taku kuɗi ne, ya yi amfani.

Su wane ne suka zana shi?

Sunan da ya kamata a fara ambata shi ne Hermann Zweigenthal, haifaffen Vienna a 1904. Tare da shi akwai abokinsa Richard Paulick, wanda aka haifa a Roßlau kusa da Dessau a 1903. Sai ofishin Lohmüller, Korschelt & Renker, wanda ya yi aikin tsara ginin tare da su. Wato lokacin da aka buɗe wurin, manyan masu zanen biyu ba wanda ya kai shekara 28 a cikinsu.

Dukansu sun yi karatu a hannun Hans Poelzig a babbar makarantar fasaha ta Berlin, wadda ita ma a Charlottenburg take. Poelzig babban malami ne. A daidai wannan lokacin yana gina Haus des Rundfunks, gidan rediyon Berlin, wanda aka kammala a 1931 kuma har yau ana watsa shirye-shirye daga cikinsa. Zweigenthal tun yana ɗalibi hankalinsa ya rabu biyu, tsakanin zirga-zirgar motoci a birni da tsara dandalin wasan kwaikwayo. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin bangon gilashin nan ba, don aikin mutum ne da ya san inda 'yan kallo suke zaune.

Ana cewa ginin Bauhaus ne. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya. Paulick yana da alaƙa ta kusa da Bauhaus: shi da Georg Muche suka gina gidan ƙarfe na gwaji a Dessau-Törten a 1926 zuwa 1927, ya kuma yi aiki a ofishin Gropius. Amma makarantar ba ita ta zana garejin ba, Zweigenthal kuma ba ɗalibinta ba ne. Salon gini marar ado, wanda ke barin aikin gini ya bayyana a siffarsa, ya bazu a Jamus ta wancan lokaci fiye da makaranta guda. Sunan Bauhaus ya fi saurin sayuwa, shi ya sa ake liƙa shi ga duk wani gini mai gilashi da miƙaƙƙun layuka. Illar hakan ita ce an daɗe ana tura Zweigenthal baya a labarin aikin da shi ne jigonsa.

Me ya same su bayan 'yan Nazi sun hau mulki?

Shekara biyu da 'yan watanni bayan buɗe garejin, a Janairun 1933, Hitler ya zama shugaban gwamnati. Kafin shekarar ta ƙare duka biyun sun bar Jamus, kowa ya kama gabansa.

Zweigenthal Bayahude ne. Ya fara zuwa Siwizalan, daga nan Landan, a 1940 kuma ya haye Amurka, inda ya sauya suna ya koma Hermann Herrey. Ya yi aikin tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya yi rubuce-rubuce kan yadda za a tsara zirga-zirga a manyan birane, daga baya har ya ba da umarni a wasannin dandali. Ya rasu a New York a 1968. Sauya sunan ya taimaka wajen ɓatar da sawunsa: wanda ya nemi Zweigenthal bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba zai same shi ba, wanda ya san Herrey kuma bai san ya taɓa gina wani abu a Berlin ba.

Paulick siyasa ce ta kore shi, domin ɗan gurguzu ne mai adawa da 'yan Nazi. Shi gabas ya nufa, Shanghai, ya zauna can har shekara 16 da wani abu. Ya yi sana'ar tsara cikin gidaje da kayan ɗaki, ya koyar a jami'ar St. John's, ya shiga aikin tsara makomar birnin. A 1950 ya dawo, amma Jamus ta Gabas ya zaɓa.

Abin da ya gina a can ne ke sa mutum ya riƙe baki. Gwamnatin lokacin ta ƙi jinin salon gilashi da miƙaƙƙen layi, tana son ginshiƙai da ado irin na Mosko. Sai ga mutumin Gropius ya zana wani sashe na Stalinallee, babban titin da yau ake kira Karl-Marx-Allee, ya kuma sake gina gidan opera na Unter den Linden da yaƙi ya ruguza, aka buɗe shi a 1955 da kamannin ƙarni na 18. Da iska ta juya, aka koma gina gidaje da allunan kankare na masana'anta, shi ne ya jagoranci tsara sababbin garuruwa kamar Hoyerswerda da Schwedt da Halle-Neustadt. Wasu na ganin ya bi duk inda iska ta kaɗa; wasu na cewa gwani ne da ya san yadda zai ci gaba da aiki a ƙarƙashin kowace gwamnati. Ya rasu a Berlin ta Gabas a 1979. Garejin ƙuruciyarsa yana Charlottenburg, a Berlin ta Yamma, ɓangaren da Ingila ke kula da shi a lokacin, kuma daga 1961 katangar Berlin ce ta shiga tsakaninsu.

Shi mai ginin fa?

Louis Serlin ma Bayahude ne. Ya fara aikin ne daf da karyewar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929, ya buɗe a tsakiyar matsin tattalin arziki, lokacin da masu sayen mota suka ragu. A 1941 aka ƙwace masa ginin ƙarƙashin tsarin raba Yahudawa da dukiyoyinsu. Bayan yaƙi aka mayar, daga bisani ya koma hannun wani kamfanin gidaje na Berlin.

Ta yaya ginin ya tsira daga yaƙi da rushe-rushen bayan yaƙi?

Daga bama-bamai dai sa'a ce da ƙarfin kankare. Unguwar ta sha wuta, shi kuwa ɓarnar da ya samu kaɗan ce. Daga rushe-rushe kuma, abin da ya cece shi shi ne yana kawo kuɗin haya kuma ba wanda ya damu da shi. Ba a yi masa kwaskwarimar da za ta ɓata shi ba, saboda ba wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a kan gareji. Ƙofofin Heinrichs, ƙarafan tagogi, hanyoyin hawa, duk suka kai ƙarni na 21 kusan yadda aka bar su a 1930, ana sayar da mai a ƙasa, makanikai na aiki, motoci na hawa da sauka. A 1991 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare.

Wannan ne, a ganina, ya fi komai daraja a tarihinsa. Gine-ginen zamaninsa da suka rage galibi an gyara su har sun zama sababbi, ko an mayar da su gidajen tarihi. Shi kuwa ya yi fiye da shekara 80 yana aikin da aka gina shi dominsa.

To me ya sa aka so rushe shi?

Rashin kular da ya adana shi, shi ne kuma ya kusa kashe shi. Motoci na shigowa da dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu. Ruwan gishiri ya ratsa kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya fara ɓarewa. Ga motocin zamani sun yi faɗi, ɗakunan 1930 sun yi musu ƙunci. A 2013 masu ginin suka nemi izinin rushewa, suna cewa kuɗin gyara ya fi abin da wurin zai taɓa kawowa, hujjar da dokar kare gine-gine a Jamus ta yarda a saurara. Masu zanen gine-gine da masana tarihi da mazauna birni suka yi ca, jaridu suka ɗauka, rushewar ba ta yiwu ba. A 2016 wani mai zuba jari ya saye shi.

Har yanzu ana ajiye motoci a ciki?

A'a. An rufe garejin a 2017, aka yi shekaru ana gyara, aka sake buɗe shi a 2022 a matsayin wurin baje kolin kayan ɗaki da zane-zane da taruka. An gyara bangon gilashi, an bar tagwayen hanyoyin, amma yanzu da ƙafa ake bin su. Yawancin ɗakunan motoci an cire su don a sami fili, aka bar kaɗan don a ga yadda suke.

Ko an cece shi ke nan? Masana sun rabu. Masu goyon baya na cewa gini ba ya rayuwa sai da abin da zai biya kuɗin kula da shi, kuma da ba a yi haka ba da yanzu wani otal ne a filin. Masu suka na cewa abin da ya bambanta shi da sauran shi ne jerin ɗakunan nan da ƙofofinsu da motocin da ke ciki, kuma su ne aka sadaukar. Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya, sai dai ta farkon ta fi nauyi: garejin Perret ba a bar masa ko ƙofa ɗaya da za a yi gardama a kanta ba.

Benayen ajiye motoci na yau sun gaji wani abu daga gare shi?

Hanyar hawa sun gada. Tagwayen hanyoyi masu murɗawa suna nan a manyan filayen jiragen sama da cibiyoyin kasuwanci a ƙasashe da dama, lif kuwa ya koma wuraren da fili ya yi matuƙar ƙaranci. Sauran abubuwan an watsar. Da mota ta sami rufin ƙarfe da fenti mai jure ruwa da maganin hana ruwan inji daskarewa, ba ta ƙara buƙatar ɗaki da ɗumi ba. Aka cire ƙofofi, aka cire bango don hayaƙi ya fita, aka bar daɓe da ginshiƙai da layin fenti. Hayar wata ta koma kuɗin sa'a. A Jamus kuma dokar gareji ta 1939 ta ɗora wa duk mai sabon gini nauyin samar da wurin ajiye motoci, abin da ya mayar da shi wajibin da ake saukewa da mafi ƙarancin kuɗi. Daga nan ne aka sami irin benayen da ba wanda ke tambayar wa ya zana su.

Idan mutum ya je Berlin, ta ina zai fi ganinsa?

Ta wuri biyu. Daga titin Kantstraße, tsakanin Leibnizstraße da Krumme Straße, za a ga fuskar gaba da mashigar da motoci ke bi a da. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Wilmersdorfer Straße ba ta da nisa. Bangon gilashi kuwa sai daga jirgi: a hau S-Bahn, wato jirgin ƙasa na cikin birni, daga tashar Savignyplatz zuwa tashar Charlottenburg, a zauna ta hannun dama. Tsakanin tashoshin biyu tafiyar minti biyu ce ko uku, don haka a riƙa duban taga tun jirgi na tashi.